Magini Mai Yunwa

Gurbin Bore gari ne a ƙasar Zurmi, kan hanyar da ta taso daga Ƙauran Namoda ta ratsa Zurmi ta nufi Jibiya. Daga nan zuwa iyakar Nijar ba wata tafiya ba ce, shi ya sa mutanen garin suka san 'yan kokawar Maraɗi kamar yadda suka san farashin gero. In sanyi ya shigo aka fara kokawar takobi a Nijar, sai ka ga samari sun yi da'ira sun sa rediyo ko waya a tsakiya, kowa da gwaninsa. Dattawa su ce ba a yi kamar Kantu na Maraɗi ba, wanda ya ɗauki takobin farko a Tawa a 1975. Samari su ce ina, ai Issaka Issaka na Dosso ya shafe tarihin kowa, tun da ya cika takobinsa na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Gardamar ba ta ƙarewa sai an kira sallar isha'i.

Su ma suna da tasu kokawar. Duk shekarar da hankali ya ɗan kwanta, in an gama girbi an ɗaure dammuna, sai a share fili a bayan gari, makaɗa su zo, samarin ƙauyuka su ɗaura walki su shigo.

A cikin samarin akwai wani mai suna Sanusi, ɗan shekara ashirin, ɗan fari a wurin Inna Hajara. Mahaifinsa ya rasu, shanun da ya bari kuma ɓarayin daji sun kore su a dare ɗaya. Abin da ya rage wa gidan shi ne gona, da 'yan awaki, da sana'ar Inna ta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Sanusi yana da zuciya, yana da zafin nama, sai dai ba shi da nauyi. A wata kaka wani ƙaton saurayi da ake ce wa Bawa Guduma, daga wani ƙauye yamma da garin, ya ɗaga shi sama ya maka da ƙasa tun makaɗa ba su gama kirari ba. 'Yan mata suka yi shewa. Wannan shewar ce ta hana Sanusi barci har watanni.

Da rani ya yi, sai ya tafi cin rani Ƙauran Namoda, garin da jirgin ƙasa ya iso tun 1929 don kwasar gyaɗa da auduga. Yana dako a kasuwa. Wata rana ya hau sikelin masu hatsi, ya ga kilo 65. Da yamma kuma ya gano wani kango inda samari ke ɗaga ƙarfe: sun cika gwangwanaye da siminti, sun soke su da bututun ƙarfe, suna ɗagawa suna nishi. Shugabansu wani ne da ake kira Mai Ƙirji, wanda damtsensa ya kusa kaurin cinyar Sanusi.

Sanusi ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Maigida, don Allah mi kaka ci jikinka yaz zan haka?"

Mai Ƙirji ya yi dariya. "Yaro, tsoka nama ce. In kana son nama a jikinka, nama za ka ci, da ƙwai. Tuwo na masu tumbi ne. Mai kuma kitse yake tara wa mutum. Ka rabu da su biyun nan, wata uku ka zo ka ba ni labari."

Abin da Mai Ƙirji bai faɗa ba shi ne, shi kansa yana ɗaga ƙarfen nan shekara tara, kuma kullum da rana sai ya share kwanon shinkafa da wake a wurin mai abinci. Bai ɗauki wannan a bakin komai ba, don a ganinsa tsiren dare shi ne sirrin. Sanusi kuwa ya riƙe maganar kamar karatu.

Da damina ta kusa ya koma gida. Akwai buhu biyu na wake a ɗaki, rabonsa na noman bara. Ranar Alhamis ya ɗora su a mota ya kai kasuwar Shinkafi ya sayar. Ya dawo da kiret biyu na ƙwai, sauran kuɗin ya ƙulle don tsire da balangu. Ya haɗa nasa gwangwanayen siminti a bayan ɗaki.

Da dare ƙanwarsa ta kawo masa tuwon dawa da miyar kuka, an zuba man shanu yana ƙamshi. Ya tura kwanon gefe.

Inna, da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, ta ce, "Kai wanga, lahiya?"

"Inna, na bar cin tuwo. Jiki nika ginawa."

"Tuwon da yar rene ka shi na ka raina yau?"

"Ba raini ba ne, Inna. Ilimi ne."

Ta dube shi, ta ce Allah ya ba da sa'a, ta miƙa wa ƙannensa kwanon.

Kowace safiya Inna takan zauna a gindin turmi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Ta yayyafa ruwan zafi, ta yi ta juyawa da muciya har mai ya fara tsattsafowa ya kwanta a sama, ja-ja da shi. Ta kwashe man a kwalba, ta matse tunkuzar da hannu biyu har ta daina ɗiga, ta murza ta a tafin hannu, wasu dogaye wasu zobe, ta jefa a kasko. Ƙamshin yakan kai har ƙofar gida. Sanusi yakan bi ta gefen faifan ƙuli-ƙulin nan ya wuce ko kallo bai yi ba, ya je ya fasa ƙwai huɗu ya dafa, ya sha shayi ba sukari.

Abokinsa Iro shi kuma ya ɗauki wata hanyar. Shi a ganinsa nauyi shi ne kokawa, don haka ya dage da tuwo, malmala biyar da dare, ɗumame da safe, rogo da rana. Wake ba ya ci, wai yana kumbura masa ciki. Sai kuma ya haɗu da wani mai tallan magani a kasuwa, ya sayar masa da ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe.

Makonni biyun farko kowa cikinsu murna yake. Sanusi ya sauke kusan kilo uku, cikinsa ya lafe, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a hannunsa. Iro kuwa kumatu suka cika, wuya ya yi kauri, riga ta matse shi. In suka haɗu a dandali kowa ya yaba wa ɗan'uwansa.

Da aka shiga noman farko sai labari ya sha bamban. Sanusi da yake noma kuyya ashirin bai miƙe ba, yanzu in ya yi biyar sai ya ga duhu-duhu, ya dafa ƙotar fartanya yana haki. Sai ya kwana uku bai zaga ba, in ya je kuwa sai ya sha wuya. Bakinsa ya riƙa wani wari da asuwaki ba ya kawarwa. Fatarsa ta bushe, zuciyarsa ta yi kusa, abu kaɗan ya hau ƙannensa da faɗa. Gwangwanin da yake ɗagawa sau goma sha biyu ya koma sau takwas. Ya ce a ransa ƙwan ne bai isa ba, ya ƙara biyu. Kafin gero ya fitar da kai kuɗin wake sun ƙare ƙaf. Da kunya ta hana shi komawa ga tuwo a gaban mutane, sai ya zama yana yini da ƙwai biyu da tsinken tsire ɗaya na bashi, in dare ya raba ya lallaɓa madafa ya ɗan taɓa abin da ya saura.

Kaka ta zo, aka share fili. Sanusi ya shigo da walki, jikinsa a murɗe, kowace tsoka ta fito daban. Mutane suka ce lallai yaron nan ya yi shiri. Ya nuna Bawa Guduma da yatsa, makaɗa suka canza kiɗa.

Kamun farko Sanusi ya shammace shi, ya kama ƙafarsa ya tura shi har bakin fili. Wuri ya kaure da ihu. Bawa ya dafe, ya saki nauyinsa a kan kafaɗun Sanusi, ya ƙi motsi. Suka tsaya kai da kai, kowa na neman sa'a. Ba a daɗe ba sai gwiwoyin Sanusi suka fara rawa. Hannunsa da ke riƙe da ƙugun Bawa ya saki da kansa. Bawa bai ma yi wata dabara ba, tura shi kawai ya yi, Sanusi ya zauna daɓas a ƙasa. Ya yunƙura zai tashi, jiri ya mayar da shi. Sai ɗaukarsa aka yi.

Iro ko shiga bai yi ba. Ƙafafunsa sun kumbura, ga ƙishirwa da yawan fitsari, in ya tsuguna sai ya dafa bango yake tashi.

Washegari da hantsi Kawu Mamman ya aika a kira Sanusi. Kawu yayan Inna ne, magini, shi ke gina rumbuna da katangu a garin. A ƙuruciyarsa ya yi kokawa har ƙauyukan ƙasar Maraɗi. Sanusi ya same shi a bayan gida yana kwaɓa ƙasa da ƙafa, ga tubala jere suna shan rana. 'Yarsa Rabi na zaune a inuwa. Ita ma'aikaciyar lafiya ce, tana aiki a sashen da ake kula da yara masu tamowa, ta zo hutu. Da yake taubashiyarsa ce, ba ta bari ya zauna ba ta fara.

"A'a, ga sarkin ƙwai! An ce jiya ƙasa ta yi baƙo."

"Yaya Rabi, don Allah ki bari. Abin da ad damuna ya ishe ni."

Kawu ya wanke ƙafa ya zauna. "Ɗana, hwaɗa mini abin da kaka ci tun bazara."

Sanusi ya faɗa, bai ɓoye komai ba, har sayar da waken.

Kawu ya yi shiru, sannan ya nuna tubalan. "Ka ga waɗanga? Da su aka gina katanga, babu gardama. To ka ɗauke ni aiki, ka tara mini tubali dubu, ka hana ni abinci. Mi kaka zato zan yi?"

"Ba ka iya aikin, Kawu."

"Ba nan taƙ ƙare ba. In yunwa ta ishe ni, tubalin naka zan ɗiba in sai da in ci abinci. In sun ƙare in ɓanɓari na jikin katangar. Kuma ko na gama ginin, in ba ka ba ni makuba na shafe ba, damina guda ta ishe shi. Nama da ƙwai da wake tubali ne. Hatsi shi na ƙarhin magini. Mai shi na makuba. Kai ka tara tubali ka bar magini da yunwa."

Rabi ta ce, "Wallahi Baba abin da ka faɗa shi ne a littafi, sunaye kawai suka bambanta." Ta jawo jakarta ta ciro takarda da biro. "Matso, sarkin ƙwai, in yi maka lissafi."

Ta ce abincin da ke riƙe jiki kashi uku ne. Na farko furotin, mai gina tsoka da gyara ta. Na biyu kabohaidiret, wato sitaci da sukarin da ke cikin gero da dawa da masara da shinkafa da rogo da dankali. Na uku mai. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, na sitaci ma 4, na mai kuwa 9. Jiki yana juya sitaci ya zama sukari, ya adana wani a cikin tsoka da hanta, kimanin rabin kilo a jikin babban mutum. Aikin ƙarfi mai sauri, irin kokawa da ɗaga nauyi da noma, da wannan ajiyar ake yinsa. In ta ƙare, ƙafa takan mutu ko da zuciya tana so.

"Kilo ukun da ka sauke da farko kana murna, yawancinsa ruwa ne. Ajiyar nan da ruwa take zama, da ta tafi ya bi ta. Daga nan kuma jikinka ya koma ƙona ƙwan da kake ci don ya samu kuzari, da bai isa ba ya shiga cin tsokarka. Warin baki da jirin nan duk daga nan suke. Rashin zagawa kuma don ka bar dusar hatsi da wake da ganye."

Sanusi ya ce, "To furotin ɗin nawa ne ya ishe ni?"

Ta rubuta. Mutumin da ba ya wani motsa jiki na musamman, kimanin giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa ya wadace shi a yini. Mai neman gina tsoka yana bukatar giram 1.6 zuwa 2.2. Shi mai kilo 65, hakan ya kama daga giram 104 zuwa 143. Abin da ya haura wannan ba ya ƙara tsoka, jiki ƙona shi yake yi kamar kowane abinci, ga shi da tsada.

"Ƙwai ɗaya giram 6 ne. In da ƙwai kaɗai za ka cika giram 104, sai ka ci goma sha takwas kullum. Wa zai ɗauki nauyinka? Yanzu saurari abin da ka kai kasuwar Shinkafi. Busasshen wake, a kowane giram 100 akwai furotin wajen giram 23. Buhu biyun da ka sayar, ka lissafa da kanka. Gyaɗa tana da wajen 25. In Gwaggo ta matse man ta soya ƙuli-ƙuli, abin da ya rage kusan kashi 40 cikin ɗari furotin ne. Waken suya da ake awara da shi ya kai 36. Naman da aka dafa wajen 26 ne. Ka ga ƙuli-ƙulin da kake wucewa kullum da safe ya fi tsiren da kake ci bashi."

Sanusi ya sunkuyar da kai.

Ta ci gaba da cewa hatsi ma ba fanko ba ne, gero da dawa suna da furotin wajen giram 10 zuwa 11 a cikin 100. Sai dai furotin ɗin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari da ake kira laisin, wanda wake ke da shi da yawa, shi kuma wake yana da ƙarancin wani da hatsi ke da shi. In aka haɗa su a yini ɗaya sai su cike wa juna. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, ɗanwake, fura da nono, tuwo da miyar da aka sa daddawa, duk haɗi ne da iyaye suka gano tun ba a san sunan sinadaran ba.

Kawu ya gyaɗa kai. "Mu lokacin da muka kokawa, hura da nono muka sha, kwano cike, da man shanu cikin tuwo. Nama sai ranar kasuwa, ko in wani mai hali yay yanka muna akuya. Kuma mun ka da maza."

Rabi ta juya takardar. Ta ce mai aikin ƙarfi kamarsa yana bukatar sitaci giram 5 zuwa 7 a kowane kilo, wato giram 325 zuwa 455 a yini. Tun da kusan kashi 70 cikin ɗari na tsabar gero ko dawa sitaci ne, kimanin rabin kilo na hatsi ke nan a yini, a rarraba, a ƙara ranar noma mai nauyi, a rage ranar hutu. Mai kuma ya zama kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na ƙarfin abincin. Babban cokali ɗaya na mai wajen giram 14 ne, don haka cokali uku a yini, tare da wanda ke cikin gyaɗa da ƙwai da nono, ya isa. Idan babu mai, jiki ba ya iya tsotse bitamin A da D da E da K, ko da mutum ya cika cikinsa da zogale da alayyafo, kuma da mai jiki ke haɗa wasu sinadaran da ke sa tsokar namiji ta ginu. In ya yi yawa kuma, shi ne mai saurin tara teɓa, don ƙarfinsa ya ninka na sauran.

"Ka san ƙunshin gyaɗar nan da muke ba yara masu tamowa? Gyaɗa ce da garin madara da mai da sukari, da bitamin. Da shi aka ceto dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Yaron da ya rame har ƙashi, ba nama zalla ake ba shi ba, ukun nan ake haɗa masa. To kai wane ne da za ka gina jiki da ɗaya?"

Sai ta tsara masa yini guda da abin da ke cikin gidansu. Da safe koko da ƙosai, da ƙwai ɗaya ko biyu in kaji sun yi. Da hantsi fura da nono, in nonon shanu ya yi tsada a sa na akuya. Da rana shinkafa da wake da mai da yaji, ko ɗanwake, ko kwaɗon zogale da ƙuli. Da la'asar bayan ya ajiye gwangwani, cikin hannu biyu na ƙuli-ƙuli ko awara, da dabino ko dankali. Da dare tuwo da miya, a sa daddawa, a jefa busasshen kifi ko fara in an samu. Ta tara lissafin, furotin ya haura giram 110, babu tsire ko tsinke ɗaya. Ta ce a raba shi sau biyar haka ya fi a danna shi gaba ɗaya da dare, don tsoka tana amfani da giram 20 zuwa 40 a kowane zama fiye da yadda take amfani da tuli guda. Nama in ya samu ya ci, alheri ne, amma kada ya sake cin bashi dominsa.

"Sauran biyu ba a kwano suke ba. Barci awa bakwai zuwa tara, don a barci tsoka ke gyaruwa. Sai haƙuri. Mai farawa in ya dage, rabin kilo zuwa kilo ɗaya na tsoka yake ƙarawa a wata. Duk wanda ya ce maka zai ninka maka wannan, ruwa ko kitse zai sayar maka."

Sanusi ya tuna da Iro, ya ba ta labarinsa. Fuskar Rabi ta canza, wasa ya ƙare. Ta ce a kawo mata ƙwayoyin. Da ta duba sai ta ce akwai desametason a ciki, magani ne na gaske da likita ke bayarwa don wasu cututtuka, amma in aka ɗauke shi abin neman ƙiba sai ya tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya zaizaye tsokar cinya da kafaɗa, ya tayar da sukari da hawan jini. Ta ce kada Iro ya kuskura ya bari rana ɗaya, don wanda ya daɗe yana sha in ya tsaya farat ɗaya yana iya faɗuwa. A ranar suka kai shi asibiti a Ƙaura, aka riƙa rage masa a hankali har ya rabu da shi. Ya ɗauki watanni kafin ƙafafunsa su dawo daidai.

Da dare Sanusi ya zauna a tsakar gida. Ƙanwarsa ta zo wucewa da kwanon tuwo, ya ce ta ajiye. Inna tana gani ba ta ce uffan ba. Ta tashi ta ɗebo man shanu ta zuba masa, ta koma ta zauna. Da safe kuwa shi ya karɓi muciya ya juya mata gyaɗa, aikin da ya gano yana gina damtse ba kaɗan ba. Ladansa cikin hannu biyu na ƙuli-ƙuli.

Shekarar nan bai je cin rani ba. Da safe yana bin Kawu wurin gini, yana jifan tubali sama. Da la'asar kwana uku a mako yana ɗaga gwangwani, sauran kwanakin Kawu yana koya masa kamu da taɗiya da yadda ake karya nauyin wanda ya fi ka. Bashin mai tsire ya biya da kuɗin gini. Waken bana ko kwano bai sayar ba. Samari suka riƙa yi masa dariya, wai ya koma cin abincin tsofaffi, don in ka dube shi ba ka ganin jijiyoyin nan na da. Da ya hau sikeli gab da kaka, kilo 71 ya gani. Iro ya ce, shekara guda cur, kilo shida kacal a kan na Ƙaura? Sanusi ya ce su ne dai, amma nasa ne.

Da aka share fili Bawa Guduma ne ya fara nuna shi, yana murmushi. Suka kama. Bawa ya yi abin da ya saba, ya saki nauyinsa a kafaɗun Sanusi yana jiran gwiwa ta yi rawa. Gwiwa ba ta yi ba. Suka zaga filin sau biyu, ƙura ta tashi, makaɗa suka gaji suka sake kiɗa. Bawa ya kai hannu ƙafa, Sanusi ya janye. Ya sake kaiwa, ya sake janyewa. Can sai aka ji numfashin Bawa ya fara fita da ƙara, bakinsa a buɗe. Kawu Mamman da ke bakin fili ya ɗaga murya ya ce, "Yanzu, ɗana!" Sanusi ya nutsa ƙasa, ya sa kafaɗa a cikin Bawa, ya harɗe ƙafarsa ta hagu, ya tura. Bawa ya tafi da baya, ƙasa ta karɓe shi.

A rana ta biyu ta kokawar wani baƙo daga ƙasar Maraɗi ya ka da Sanusi bayan doguwar fafatawa. Ya tashi da ƙafarsa, ya kaɗe walki, ya ba baƙon hannu. Kawu ya ce wannan kayen na dabara ne, kuma dabara ana koyonta, saura shekara mai zuwa.

Yara suka fara zuwa bayan ɗakin Sanusi suna taɓa gwangwanayensa, suna tambayarsa sirrin. Yakan ce su fara faɗa masa abin da aka dafa a gidansu jiya, da abin da suka ture. Mafi yawansu sukan ce wake.

Darasin labarin a fili yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: furotin da sitaci da mai kowanne da aikinsa, wanda ya ɗauki ɗaya ya zubar da biyu ya cuci kansa, ko da wanda ya ɗauka shi ne mafi tsada. Mai son gina jiki ya san nauyinsa, ya san gwargwadon da ya ishe shi, ya yi aiki, ya yi barci, ya guji ƙwayar da ke alƙawarin gaggawa. Kuma kafin mutum ya sayar da abin da ke ɗakinsa don ya sayo na kasuwa, ya tambayi masu sani darajar abin da zai sayar. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.